Ƙusa Arba'in da Uku

A ɗakin Yaya akwai wani dogon katako da aka manna a bango, daga bakin taga zuwa bakin ƙofa, an kafa masa ƙusa arba'in da uku. Ƙarƙashin kowace ƙusa akwai lamba da jan fenti. Shekara talatin da shida ina shiga ɗakin nan, ban taɓa ganin ƙura a katakon ba, alhali kujerar da yake zama a kai, in ka ɗan buga ta, sai ka yi atishawa uku.

Yaya ba yayana ba ne. Marigayi maigidana ne yake kiran sa haka, na zo amarya na tarar, na ɗauka. Sauran jama'a Mai Makullai suke ce masa. Ni kuma Tela, saboda keken ɗinkina, ko Ta Tara, saboda gidanmu shi ne na tara. Haka muke a wurin nan, in ba a kira ka da sana'arka ba, a kira ka da lambar gidanka.

Bari in faɗi yadda wurin ya samu, don in ban faɗa ba ba za a gane wautar da muka tafka ba. Da can babu komai sai dutse da ƙaya. Wani kamfani ya zo fasa dutsen da za a shimfiɗa babbar hanya, ya kafa injinansa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tankin ƙarfe a kan ƙafafu huɗu. Mahaifin Yaya shi ne mai gadi. Shi ya fara gina ɗakin laka a gindin tankin, ya ɗauko matarsa da ɗansa, lokacin Yaya yana shekara shida. Da aka gama hanya kamfani ya kwashe kayansa ya yi gaba, tanki ya gagara ɗauka, aka bar shi. Mai gadi ya ce shi ba wanda ya sallame shi, ya yi zamansa. Leburori huɗu da ba su da inda za su koma suka zauna tare da shi. Direbobi suka gano akwai ruwa, suka fara tsayawa. To inda direba ya tsaya mai shayi zai zo, bayan mai shayi mai faci, bayan mai faci makanike, mai wanki, mai aski, mai gasa burodi. Kowa daga nasa garin, wasu ma da yarensu daban, a nan suka koyi yadda za su yi faɗa da juna su shirya.

Mai gadi ne ya fara ba wa gidaje lamba, yadda ya ga kamfani yana yi wa motocinsa. Sai dai ba a jere ba. Wanda ya riga zuwa shi ya riga samun lamba, ko a ina ya gina. Don haka gida na biyu yana manne da na talatin da ɗaya, namu na tara yana kallon na arba'in. Baƙo in ya zo neman gida sai ya yi ta zagaye har ya ba ka tausayi. Mu kuwa lambar ta gaya mana komai, wa ya riga wa zuwa, wa zai fara magana in an taru a gindin tanki.

Ba mu da mai unguwa, ba makaranta, ba asibiti, ba ofishin kowa. Muna daidai kan iyakar ƙananan hukumomi biyu. In famfo ya lalace muka je ta gabas, su ce ai ku 'yan yamma ne. Mu je ta yamma, su buɗe littafi, su tofa yawu a yatsa su yi ta juya shafi, su ce ba su gan mu ba. Yaranmu tafiyar awa guda suke yi zuwa makaranta. Haihuwa ni da matar Mai Burodi muke karɓa. Famfo kuwa, da muka gaji da yawo, Yaya ya kwance shi gaba ɗaya ya shimfiɗa a tabarma, ya kwana uku yana kallon sa, ya mayar, ya yi aiki. Tun daga ranar shi ne mai famfo.

Maganar makullai ta faro ne daga Na Uku, ɗaya daga cikin leburorin nan huɗu. An aiko masa uwarsa ba lafiya, ya kulle ɗakinsa ya ba wa mai gadi makullin, ya ce sati biyu zai yi. Sai bayan shekara huɗu ya dawo. Ya tarar da ɗaki a share, tabarmarsa a naɗe, ko gara ba ta taɓa masa komai ba. Daga nan abin ya zama doka, ba tare da kowa ya zauna ya kafa ta ba: wanda ya bar makullinsa bai tashi ba, tafiya ya yi. Wanda ya tashi da gaske sai ya bar ƙofarsa a buɗe, ya tokare ta da dutse, kowa ya san an gama, mai bukata ya shiga ya gaji ɗakin da lambarsa. Da mai gadi ya rasu, Yaya ya gaji katakon. Kowace Asabar zai ɗauki tsintsiya da ɗan bokiti ya bi gidajen waɗanda suka yi tafiya, ya buɗe taga, ya share, ya duba gara, ya kori ƙadangaru, ya kulle. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ba shi ko allura.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Auta, tana shekara tara. Biyun da suka riga ta ba su zauna ba. Bai ƙara aure ba. Na yi masa surutu har bakina ya gaji, na nuna masa mata uku da yatsana, ya ce shi famfo ya ishe shi rigima. Ni na yi wa yarinyar kitso, ni na ɗinka mata kayan makaranta, shi ya sa har gobe Gwaggo take ce mini. Da ta gama karatun aikin jinya, Yaya ya gina mata ɗaki da bulon siminti, shi kaɗai ne na siminti a duk wurin, ya yi wa ƙofar shuɗin fenti, ya rubuta arba'in da uku. Daga ita ba a ƙara ba wa kowa lamba ba. Wata bakwai ta kwana a ciki ta samu aiki a wani babban gari mai nisa. A gabana ta miƙa masa makullin, jakarta a kafaɗa, ta ce, "Baba, ajiye mini." Can ta yi aure, can ta haihu. Ta zo sau uku a shekara goma sha ɗaya, duk zuwan yini ne.

Tafiyarta ta zo daidai da buɗe sabuwar hanya, wadda ta bi ta bayan duwatsu ta bar mu a gefe. Cikin wata ɗaya motoci suka ɗauke ƙafa. Mai Shayi ne ya fara tafiya, sai Mai Faci, sai Makanike da yaransa takwas. Kuma duk wanda zai tafi sai ya kawo makulli. Ba wanda ya tokare ƙofa da dutse, ko mutum ɗaya. Ni na san dalili. Ba niyyar dawowa ba ce, kunyar idon Yaya ce. Wa zai iya duban mutumin da ya goya shi ya ce masa na tafi ke nan? Shi ne dai bai sani ba, ko kuma ya ƙi sani. Bara war haka gidajen da ake hura wuta a cikinsu goma sha huɗu ne, makullai ashirin da tara suna rataye. Aikin Asabar ya koma na kwana uku. Da yamma in na leƙa ta katanga sai in hango shi zaune a gindin tanki shi kaɗai, tsintsiya a cinya, yana kallon tsohuwar hanya da ciyawa ta fara ci. Wallahi abin yana taɓa mini zuciya, sai in ƙwala masa kira in ce ya zo ya riƙe mini bakin yadi, ba don ina bukata ba.

Ana nan sai ga wani a kan babur, ya manna takarda a ƙafar tanki ya juya, ko ruwa bai sha ba. Yaya ya sa tabarau ya karanta mana. An ba da filin yankin gaba ɗaya ga wata babbar gona. Duk matsugunin da ya kai gida talatin masu mutane a ciki, za a sa shi a rajista, a zagaye shi a bar shi. Wanda bai kai ba, za a tashe shi. Masu ƙirga za su zo ranar Asabar, sati uku masu zuwa.

Ya cire tabarau ya ce, "To madalla. Mu arba'in da uku ne."

Na ce, "Yaya, mutane za su ƙirga, ba ƙarfe ba."

"Ai masu ƙarfen mutane ne. Tafiya suka yi."

"Ka gaya wa gwamnati haka, ka ga in ba ta yi maka dariya ba. Mu sha huɗu ne, tsofaffi da guragu da ni."

Ya goge tabarau da bakin riga. Can ya ce, a hankali, "In aka rushe, Tela, in Auta ta zo ina za ta sauka?"

Shawarar da ta biyo baya tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce a kira su duka, su zo ranar Juma'a su kwana a gidajensu, Asabar a ƙirga su, Lahadi kowa ya kama gabansa. Gida goma sha shida kawai muke nema. Yaya ba ya riƙe waya, ya ce kunnensa ba ya jituwa da ita, don haka tawa ce ta sha wahala. Kwana goma muna zaune a ƙofar shagona, shi yana kiran lamba daga kansa, "Na Sha Bakwai," ni ina neman wanda ya san wanda ya san inda Na Sha Bakwai yake. Wasu sun mutu, 'ya'yansu ne suka ɗauka. Wasu sai na yi ta bayani kafin su gane wace Tela. Kuma ga bakina, Allah ya shirye shi. Don in zaburar da su, kowa na samu sai in ce, "In ba ku zo ba rushe wurin za a yi, katafila za ta bi ta kan ɗakinku." Ni ina ganin na iya magana. Ashe duk cikin zancena kalmar rushewa kaɗai suka ji.

Auta na bari ƙarshe, na kira ta lokacin da Yaya ya tafi kunna famfo. Na yi mata bayani tun daga farko, na ce ta zo ko don ta karɓi makullinta ta kwana ɗaya a ɗakinta.

Ta ce, "Wane makulli, Gwaggo?"

Na ce, "Na ɗakinki mana. Wanda kika ba wa Babanki ajiya."

Sai ta yi dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda aka tuna masa wasan yarinta. "Kai, Gwaggo! Wai har yanzu yana nan? Wallahi na manta da shi sam. Ni rushewar nan ma daɗi ta yi mini, ko Baba zai yarda ya taho. Na gyara masa ɗaki tun shekara biyu, ga banɗaki a ciki. Don Allah ki lallashe shi."

Na kashe wayar na zauna riƙe da ita. Da ya dawo, hannunsa duk baƙin mai, bai ko zauna ba ya ce, "Kin same ta? Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce aiki ya riƙe ta, ba za a ba ta hutu ba. Amma ka ci gaba da ajiye mata."

Ya gyaɗa kai yana murmushi. "Aikin asibiti ai sai haƙuri," in ji shi.

Ranar Juma'a tun hantsi motoci suka fara shigowa ta tsohuwar hanya. Yaya ya sa farar rigarsa da na ɗinka masa shekara biyar bai taɓa sawa ba, ya zuba makullai a faranti, ya tsaya a gindin tanki. Duk wanda ya sauko sai ya kira lambarsa kafin ya gaisa, ya miƙa masa makulli da hannu biyu. Mutum ashirin da ɗaya suka zo da kansu ko 'ya'yansu, sauran bakwai suka ba da saƙo a karɓar musu. Mata suna buɗe ɗakuna suna salati, sun tarar da madubi a inda suka bar shi, ba yana ba ƙura. Mai Shayi ya hura wuta a tsohon murhunsa. Yara suka cika layi da gudu, waɗanda ba a nan aka haife su ba suna tambaya me ya sa gida na biyu yake kusa da na talatin da ɗaya. Na lissafa da yatsa, sha huɗu da ashirin da ɗaya, talatin da biyar. Mun wuce. Rabon da in ji dariyar Yaya har da tari, tun kafin sabuwar hanya.

Na dai lura da abu ɗaya, na kawar da kai. Yawancinsu ba a motar haya suka zo ba, a-kori-kura suka ɗauko, bayanta wayam, sai tsani da guduma da igiya.

Asabar muka yi wanka muka zauna a gindin tanki tun safe. Rana ta take, ba kowa. Azahar, ba kowa. Sai bayan la'asar mai babur ɗin nan ya ɓullo, ya ce motar masu ƙirga ta lalace, sai Talata. Makanike ya ce shi Litinin yana da motocin mutane a gareji. Matar Na Ashirin ta ce yara suna da jarrabawa. Yaya yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kwana uku ne fa, kwana uku kacal," kowa yana sunkuyar da kai yana cewa to, Baba, za a duba.

Lahadi da sassafe ƙarar kwano ce ta tashe ni. Na fito da ɗankwali a hannu na ga Mai Faci a kan rufin ɗakinsa yana ɓanɓarar ƙusa.

Na ce, "Kai Mai Faci, lafiyarka ƙalau kuwa? Me kake yi?"

Ya ce, "Tela, ke da bakinki kika ce rushewa za a yi. In katafila ta bi ta kan kwanon fa? Ai gara in tsira da shi, ina da ɗakin da ke yoyo."

"In ka cire rufin ai ka rushe da hannunka, sakarai!"

Bai ko waiwayo ba. Kan ka ce kwabo Makanike ya jingina nasa tsanin, sai Na Sha Bakwai, sai kowa. Na bi layi ina zagi, ban bar uban kowa ba, har muryata ta dushe. Na tuna wa matar Na Ashirin ni na yanke wa 'ya'yanta uku cibi. Ta fashe da kuka, tana kukan tana miƙa wa mijinta guduma. Ba mugaye ba ne, yanzu da na huce na sani. Talakawa ne da aka ce musu dukiyarsu za ta bi ƙasa. Amma a ranar da ina da ƙarfi da na karya tsanin nan duka.

Shi kuwa Yaya ya fito da farantinsa ya tsaya a gindin tanki, inda ya tsaya ranar Juma'a, yana jiran a mayar masa da makullai. Bayan kwano suka cire tagogi, bayan tagogi ƙofofi. Ina kallo aka wuce ta gabansa da ƙofar Na Uku, mutum biyu sun ɗauko ta, kwado yana reto a jiki, makullin yana cikin kwadon. Ɗan Na Uku ya ajiye gefensa ya zo ya durƙusa.

"Baba, mun gode. Allah ya saka da alheri, ka sha wahala da mu."

Yaya ya ce, "Makullin fa?"

Yaron ya dubi ƙofar, ya dubi farantin. "Baba, ai babu abin da za a kulle."

Kafin azahar mota ta ƙarshe ta fita. Ya koma ɗaki da faranti wayam. Da na kai masa abinci na tarar da shi tsaye yana goge katakon da tsumma, ƙusa bayan ƙusa, duk babu komai sai ta ƙarshe.

Talata mai ƙirga ya zo, wani dattijo mai sanyin magana, takardunsa a manne da allo. Lambobinmu suka ruɗa shi, daga na biyar ya nemi na shida ya ga na talatin da takwas, sai da na ja shi da kaina. Ya bi kangaye yana leƙawa, bango tsaye, sama a buɗe, ƙasa a share tas. Ya gama ya ce goma sha huɗu.

Yaya ya ce, "Sha biyar."

Ya ja shi zuwa shuɗiyar ƙofa, ya buɗe. Gado a gyare, labule a wanke, takalman Auta na roba a jere a bakin gado, kalandar shekara goma sha ɗaya da ta wuce tana bango.

Mutumin ya ce, "Mai ɗakin tana ina, Baba?"

"Ta yi tafiya."

"Tun yaushe?"

Yaya ya faɗa masa. Mutumin ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya goge abin da ya rubuta, ya sake rubutawa. "Na sa sha biyar, Baba. Amma ka san ko sha biyar ɗin..."

"Na sani," in ji Yaya. "A dai rubuta daidai."

Wata uku aka ba mu. Sauran gidajen suka fara watsewa, yau wannan gobe wancan, kuma ba wanda ya ƙara kawo makulli, don kowa da ƙofarsa yake tafiya. Babban ɗana ya ce in shirya zai zo ya ɗauke ni ƙarshen wata. Auta kuwa duk bayan kwana biyu sai ta kira, in kai masa wayar in danna masa a kunne, ta yi ta roƙo, shi yana cewa to, to, Allah ya yi miki albarka. Ana kashewa sai ya ce ba inda za shi.

"Yarinya ce, tausayina take ji," in ji shi. "Amma da bakinta ta ce in ci gaba da ajiye mata. Ke kika gaya mini. Ranar da katafila ta zo, kujera zan sa a ƙofar ɗakinta in zauna, in ga wanda zai bi ta kaina."

Kuma zai aikata, na san shi. Mutumin da ya kwana uku yana kallon famfo. Na yi sati ina juya abin a raina. Ƙaryar da na yi don in sanyaya masa zuciya ita ce za ta zaunar da tsoho ɗan shekara saba'in da shida shi kaɗai a cikin kangaye, ba maƙwabci, ba mai miƙa masa ruwa in ya faɗi. Wata safiya ya zo shagona yana neman sabulu zai wanke labulen ɗakin Auta, sai zuciya ta ciyo ni.

Na ce, "Yaya, ba ta ce ka ajiye ba. Ni na ƙirƙira. Da na ce mata makulli, cewa ta yi wane makulli. Ta manta, Yaya. Ta manta da shi sam, haka ta ce. Kai take so, ba ɗakin ba. Shekara goma sha ɗaya kana share wa ƙadangaru wuri!"

Ina rufe baki na yi da na sani. Na so ya zage ni, ya ce munafuka, ya ce komai. Ya tsaya da hannu a miƙe yadda ya miƙo shi don sabulun. Can ya ce, "Wane makulli, ta ce?"

Na ce, "Haka ta ce."

Ya juya ya tafi. Na bi shi daga nesa, ina tsoron kada ya faɗi. Ya shiga ɗakinsa ya fito da makullin da tsintsiya. Ya buɗe shuɗiyar ƙofa, ya share ɗakin tun daga ƙarƙashin gado har bakin ƙofa, ya karkaɗe labule, ya gyara zaman takalman. Sannan ya fito ya nemo dutse, babba, da ƙyar ya ɗago shi, ya tokare ƙofar a buɗe. Ya bar makullin a jikin kwado. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Kira ta. Ki ce Alhamis."

Ranar Alhamis Auta ta zo da mijinta da mota. Ta rungume ni tana ta godiya, ni kuwa ji nake kamar in nutse. Kayansa duka jaka biyu ne da akwatin spanoni. Katakon ya bar shi a bango. Sun gama lodi, an buɗe masa ƙofar mota, sai ya ce a dakata. Ya koma ya ja ƙofar gida na ɗaya, ƙofar da ubansa ya kafa, ya sa kwado ya danna. Na ɗauka dutse zai nema. Ya tako har inda nake tsaye, ya miƙo mini makullin da hannu biyu.

"Ta Tara," ya ce, "ajiye mini."

Ya san saura kwana goma in tafi. Shi ya taya ni ɗaure kan keken ɗinki. Na buɗe baki in tuna masa, na ga bai sauke hannunsa ba, na karɓa.

Ni ƙofata a buɗe na bar ta, na tokare da dutse, ban yaudari kowa ba. Yanzu ina gidan ɗana, a wani ɗaki na bayan gida mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Ranar da na iso na nemi guduma na kafa ƙusa a bayan ƙofa. Surukata ta tambaye ni makullin me ne wannan, na ce na gida na ɗaya, ta ce to, ta fita, tana ganin tsufa ne ya fara taɓa ni. An ce katafila ta bi wurin wata biyu da suka wuce, tankin ma sun yanka shi sun loda a mota. Na tabbata Auta ta gaya masa, ita ba ta iya ɓoye magana ba.

Duk Asabar tana kira na, mu gaisa, ta ce ga Baba. Sai in ji tana gyara masa wayar a kunne, in ji numfashinsa. Ba ya tambayar lafiyata, ba ya tambayar yara.

"Tela," ya ce, "yana nan?"

In ɗaga kai in dubi bayan ƙofa. "Yana nan, Yaya."